Takardar Kakana Mai Ƙarnin Kifi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Gana ta kori baƙi ba, ko da yake abin da ya hana ni mantawa ba irin na sauran mutane ba ne. Su suna tuna motocin katako da suka yi ta kwararowa ta iyakar Aflawo cikin azumi, da mata riƙe da tukwane, da tsofaffi zaune kan ƙunshin kaya a bakin teku ba su san inda za su dosa ba. Ni ma ina tuna wannan, Allah kada ya maimaita mana. Amma nawa abin tunawar ya fi kusa da gida, kuma ni na jawo wa kaina shi da hannuna na dama.

A lokacin muna tsohon Zongon Lome, kafin a tashe mu a mayar da mu Agoe. Shekarata ashirin da huɗu. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa fiƙihu da ɗan nahawu, kuma hannuna ya faɗa da rubutun ajami, har fataken goro sukan jira ni in rubuta musu wasiƙa zuwa Kano ko Sakkwato. Sunan kakana aka sa mini, wani malami da ya rasu tun kafin a haife ni, shi ya sa ba a kiran sunana a unguwa, sai Malam Ƙarami. (Malam ɗin na riƙe shi da hannu biyu. Ƙaramin kuwa na bar wa masu faɗa.)

Babana mai masauki ne, baƙi ba sa yankewa a gidanmu. A cikin waɗanda korar ta jefo mana akwai wani mutum siriri mai furfura a gefen kunne, Isiyaku, ɗan shekara arba'in da wani abu. A Kumasi aka haife shi, a can ya yi shekara ashirin yana koyar da yara Turancin Ingila, sai rana ɗaya aka ce masa shi baƙo ne. Ya zo da jaka guda da wani ƙaton ƙamus wanda bangonsa ya daɗe da cirewa. Ɗakunan mata na gidanmu sun cika maƙil, don haka matarsa Hajara da 'ya'yansu uku suka raɓe a Kojobiyakofe, can bakin iyaka, a rumfar wani mai canji da ya tausaya musu. Shi kuwa Isiyaku, Baba ya ba shi makullin mangazarmu, wato ɗakin da ake ajiye huhunan goro, yana yayyafa musu ruwa, yana sauya ganye, yana kwana a nan.

Turancinsa bai tsinana masa komai a Lome ba, don nan Faransanci ne harshen ofis. A Zongo kuma wanda bai yi karatun zaure ba ba a ce masa Malam, ko da ya haɗiye ƙamus. Sai aka riƙa ce masa Tica, yara da manya, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Ni nakan je mangazar bayan la'asar saboda sanyinta. Wata rana ina zaune kan buhu yana tsince goron da ya fara ɓaci, sai ya tambaye ni ko na san inda muka samo wannan suna da muke kiran ɗakin da shi. Na ce wajen Faransawa mana, ai ko shagon Bature haka suke ce masa. Ya yi murmushi, ya goge hannu a riga, ya jawo ƙamus ɗin.

Ya ce Ingilishi ma suna da kalmar, su magazin suke cewa, amma a wurinsu ta yi 'ya'ya. Da farko rumbun ajiye kayan fatake take nufi. Daga nan sojoji suka ɗauka suka sa wa ɗakin da suke ɓoye albarushi. Da bindiga ta ci gaba, sai sunan ya ƙanƙance ya koma kan ɗan gidan ƙarfen da ake jera harsashi a ciki. Can kuma wani ya tattara labarai da waƙoƙi da hotuna a 'yan shafuka yana fitarwa duk wata, ya ce wannan ma rumbu ne, na ilmi, shi ne mujallar da ake sayarwa a bakin titi. Duk abin da aka tara aka rufe don gobe, in ji Tica, ya cancanci sunan. Sa'an nan ya sa yatsa a kan wasu ƙananan baƙaƙe a ƙarshen bayanin, ya ce a nan masu littafin suke faɗin asalin kowace kalma, kuma sun ce Ingilishi daga Faransawa suka karɓa, Faransawa daga mutanen Italiya, su kuma daga fataken Larabawa. Ya haɗa baƙaƙen a hankali, ya furta: makhazin.

Na ce ai jam'in makhzan ne, kuma daga tushen nan ne aka samo taskokin ƙasar Masar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kansu. Tica ya yi ta jinjina kai, ya ce to ka gani, ta bar gida da rawani, ta zaga duniya, ta dawo mana da malafa ba mu gane ta ba. Mun kai kusan magariba muna juya kalmar nan kamar yara sun tsinci tsuntsu. (Ku riƙe wannan ɗan abin da na ƙara na Annabi Yusufu. Da shi Shaiɗan ya yi mini jari daga baya.)

A kwanakin nan ne aka ji Alhaji Sa'adu, babban dillalin shanu kuma mai faɗa a ji a unguwa, yana so ya buɗe aji a gefen makarantar allo inda za a koya wa yaran Zongo Turancin Ingila, tunda cinikinmu rabi da Ankara ta Gana ne rabi da Legas. Har ɗaki ya ce zai ba wanda zai koyar, ciki da rumfa. Tica ya same ni da maganar yana sunkuyar da kai. Ya ce mai rumfar da iyalinsa suke ya ba su zuwa Babbar Sallah. In bai sami abin yi ba kafin nan, sai ya kwashe su su nufi wani ƙauye a ƙasar Katsina inda aka ce nan ne asalin ubansa, wurin da bai taɓa gani ba kuma bai san kowa ba. A al'adarmu baƙo ba ya tashi a gaban dattawa ya nema wa kansa abu, mai masaukinsa ne yake yi masa magana. Baba kuwa mutum ne da in ya yi jimla uku a taro sai gumi ya karyo masa, don haka ya ce ni mai baki in yi da yawunsa.

"Ba sai ka yabe ni ba, Malam Ƙarami," in ji Tica. "Ka dai ambaci sunana a inda za a ji."

Na buga ƙirji na ce ya ɗauka an gama.

Damar ta zo ranar ɗaurin auren ɗan Alhaji Sa'adu. Bayan an shafa fatiha an raba goro, samari suka watse, dattawa suka zauna ƙarƙashin rumfa ana jiran abinci. Alhaji ya kawo zancen ajin. Nan da nan wani tsoho ya ce shi bai ga dalili ba, harshen Nasara ɗaya da ake ɗura wa yara a lakol, makarantar Faransawa, ya isa, ba sai an ƙaro na biyu ba. Wasu suka goyi bayansa, magana ta fara karkata. Baba ya taɓa ni da gwiwa.

Na nemi izini, na gyara zama, na yi salati. Na ce ba duk abin da ke bakin Bature ne nasa ba, akwai kayanmu a ciki da ya ara bai mayar ba. Na ɗauko kalmar nan na shimfiɗa ta tun daga rumbun fatake, na bi da ita ɗakin albarushi, na sa ta cikin bindiga, na fito da ita a mujalla, na ratsa da ita Faransa da Italiya, na sauke ta a Masar a gaban Annabi Yusufu. Wallahi ban taɓa magana ta yi mini daɗi a baki kamar ranar ba. Tsohon da ya ƙi ya saki baki. Alhaji yana ta cewa ikon Allah. Na hangi Tica can baya wajen masu rabon ruwa, fuskarsa ta cika da haske, yana jiran abin da ya rage.

Sai Liman ya yi gyaran murya. Malam Habu ke nan, limamin unguwarmu, tsoho mai raunin gani, wanda ya yi karatu wurin kakana, kuma shi ya kama hannuna ya koya mini riƙon alƙalami.

"Wannan fa'ida ce babba, Malam Ƙarami. Daga wa ka karɓo?"

Wanda bai tashi a zaure ba ba zai san nauyin tambayar nan ba. A wurinmu ba a kawo fa'ida tsirara. Sai ka ce na ji daga wane, shi kuma daga wane, don a nan albarkar take, kuma ba tuhuma ba ce, hanya ce da ake buɗe maka ka girmama malaminka. Ga ƙofa Liman ya buɗe mini, faɗinta ya isa raƙumi ya wuce. Sunan Tica yana kan harshena. Amma sai na dubi fuskokin nan da suke kallona yadda ban taɓa ganin an kalle ni ba, na san ina faɗa duk za su juya baya su bar ni. Wata murya kuma ta ce mini, yanzu jikan Malam guda zai ce mai gadin goro ne ya nuna masa Larabci? Ai ma kai ka kawo Annabi Yusufu.

Na ji bakina yana cewa, "A kundin marigayi kakana na gani, Allah gafarta Malam."

Wuri ya ɗauki kabbara a hankali. Aka yi ta yi wa kakana addu'a, ana cewa mutanen da sun san abin da ba mu sani ba, dubi har harshen Ingilishi bai ɓoyu gare shi ba. Idon Baba ya ciko da ƙwalla. Liman ya ce in kawo takardar ranar Juma'a bayan la'asar a zaurensa, a gani a kwafa, kowa ya sami rabo. Wannan ma al'ada ce, ba a hana kwafar fa'ida. Ban sake duban wajen masu rabon ruwa ba har aka tashi.

Washegari Tica ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambaye ni gajiyar biki. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da hantsi na ji shi a ƙofar gida yana tambayar wani direba kwana nawa ake yi zuwa Katsina in da yara, da kuma ko hanyar tana da ruwan sha.

Mai hankali a nan zai tafi wurin Liman ya faɗi gaskiya. Ni sai na tsara wa kaina dabara: in kawo takardar, a karɓa, mutuncina ya zauna, sa'an nan daga kan wannan mutuncin in miƙa hannu in jawo Tica. (Har na ji kamar taimakonsa nake yi. Allah ya shirye mu.)

Na fara da buɗe kundin kakan nawa na gaskiya, wanda ke cikin gafaka a akwatin Baba. Na bi shi warƙa warƙa ina fatan ko Allah zai sa marigayi ya taɓa zancen mangaza. Addu'o'i ne da mas'alolin gado da maganin ciwon ido. Sai na sayo takarda mai kauri a babbar kasuwa, na dama tawada, na fere alƙalami, na zauna na kwaikwayi hannun tsoho, har da ɗan karkarwa a wutsiyar baƙaƙe. Rubutu ya yi kyau, ba yabon kai ba. Matsalar ita ce takardar fara ce fat kamar an wanke ta da madara. Na shafa mata ruwan shayi na shanya, ta zama kamar sabuwar takarda da shayi ya zube wa. Na tuna takardun tsofaffi hayaƙin ɗaki ne yake rina su shekara da shekaru. Ni kuwa kwana uku gare ni.

A bayan gidanmu akwai wata mata 'yar ƙabilar Mina, ana ce mata Da Afi, mai bandar kifi. Murhunta na laka ne, tana jera ƙananan kifin teku kan ragar waya hawa hawa, tana hura wuta da ɓawon kwakwa, hayaƙi yana tashi tun safe har yamma. Na je mata da tsakar rana lokacin da unguwa take ƙailula. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta tambaya ko magani ne, Alfa, don haka suke kiran malamai. Na ce wani aiki ne da yake son hayaƙi. Ta karɓa da hannu biyu cikin girmamawa, ta ɗora a raga ta sama. Matar nan ba ta san ha'inci a sana'a ba. Duk sanda ta juya kifi sai ta juya takardata, wai don kada gefe ɗaya ya fi nuna. Da la'asar ta miƙo mini ita ja-ja-ja, gefunan sun ɗan ƙone, har da ɗigon mai a kusurwa. Na duba na ce ko kakan nawa ya tashi sai ya rantse tasa ce.

Na san tana ɗan ƙauri. Na shanya ta a inuwa, na turara ta da turaren wuta, na sa ta cikin gafaka tare da kundin. Kwana biyu ina shinshinawa, kullum ina jin ya ragu. Ban san hancina ne ya saba ba.

Ranar Juma'a zauren Liman ya cika. Dattawa sun jeru kan tabarmi, Alhaji Sa'adu kusa da Liman, Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Tica yana bakin ƙofa, wajen da ake tuɓe takalma. Na durƙusa, na buɗe gafaka, na zaro takardar na miƙa.

Saboda raunin idonsa, Liman ba ya karatu sai ya kai takarda dab da fuska. Ya kai ta har tana taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka. Na ga gemunsa ya motsa sau ɗaya. Sai ya miƙa wa na damansa.

Takarda ta fara zagaya zaure. Abin marigayi ne, don haka kowa ya karɓa sai ya sumbata ya ɗora a goshi. Na ga na farko ya sumbata ya ɗan tsaya. Na biyu ya sumbata ya dubi yatsunsa. Na uku ya waiga yana neman ko wani ya shigo da cefane. Ba wanda ya yi magana, don wa zai ce takardar waliyyi tana wari? Zafin la'asar ya taimaka, kafin ta kai rabin zaure wurin ya koma kamar bakin teku ranar da jiragen masunta suka dawo. Kyanwar gidan Liman ta shigo, ta ratsa dattawa ɗaya bayan ɗaya tana bin takardar daga hannu zuwa hannu, ana korarta da gefen riga tana dawowa.

Aka ce in karanta, na karanta. Da na gama Alhaji Sa'adu ya hango Tica, ya ce af, ga ma wanda ya zauna da Ingilishi, Tica, haka abin yake a Turancin naku?

A nan na ce tawa ta ƙare. Tica ya ɗan ɗaga daga durƙuson da yake, bai dube ni ba.

"Haka yake, Alhaji, babu kuskure ko ɗaya. Allah ya jiƙan Malam."

Alhaji ya ji daɗi. Ya ce to ai magana ta ƙare, abin da ake nema a nesa ashe yana cikin gida. Tunda ilmin nan gado ne a gidan su Malam Ƙarami, shi zai riƙe ajin, ɗakin ma a ba shi ya yi aure a ciki. Ya ɗaga hannu zai ja fatiha.

Jama'a, kalmar Ingilishi ɗaya tak na sani a duniya, ita ma ta aro. Ina so in ce muku a nan na miƙe da kaina na faɗi gaskiya. Ban miƙe ba. Na zauna ina lissafin ko kalma ɗaya za ta iya kai ni wata guda in na ja ta a hankali.

"Alhaji, dakata da fatihar," in ji Liman.

Takardar ta dawo hannunsa. Ya riƙe ta da yatsa biyu, ya yi magana a sanyaye kamar mai ba da labarin damina.

"Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar buzun kakan yaron nan. Ban taɓa ganin ya ci kifi ba, ƙaiƙayi yake sa masa. Ban san bayan rasuwa ya fara ba."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, ta ƙi dannuwa. Ta fashe daga wannan kusurwa ta kama waccan. Tsohon da ya ƙi ajin ya yi ta share hawaye da hannun riga, Alhaji yana goge leɓe yana istigfari yana dariya. Baba kaɗai ne bai yi ba, ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Liman ya bari aka lafa. Ya ce hannun nan kuma ya san shi, don shi ya kama shi yana ɗan shekara shida, kuma tun a lokacin yake jan wutsiyar baƙi fiye da kima. Sa'an nan ya juyo da fuskarsa wajena, babu fushi a cikinta ko kaɗan, wanda ya fi duka ciwo.

"Fa'idar gaskiya ce, ɗana, takardar ce ƙarya. Zan sake tambayarka. Daga wa ka karɓo?"

Na nuna bakin ƙofa. Ya ce ba ya gani sosai, in faɗa da baki. Na ce daga Tica. Ya ce Tica ba suna ba ne. Na ce daga Isiyaku, baƙon gidanmu, a cikin mangaza, ranar kaza bayan la'asar, kuma ya roƙe ni in ambace shi a gabanku na yi alkawari na ci. Na faɗi zancen iyalinsa da wa'adin Babbar Sallah. Ina magana ina kuka, da gemuna da komai.

Liman ya matsa gefe a kan buzunsa, ya buga wurin da tafin hannu, ya ce Malam Isiyaku ya taso ya zauna nan. Tica ya waiga bayansa yana neman wanda ake kira. Sai da Alhaji ya maimaita sa'an nan ya taso, yana taka tabarma a hankali kamar za ta fashe. A zaman nan aka ba shi ajin da ɗakin, aka shafa fatiha. Ni kuma Liman ya yanke mini hukunci: in sake rubuta fa'idar a farar takarda, da hannuna na gaskiya, in sa sunan mai ita a sama, in kai masa har inda yake kafin in kawo a kwafa.

Rubutun bai ɗauke ni awa guda ba. Kaiwar ce ta ɗauke ni kwana tara. Kullum sai in doshi mangaza in ga kamar ana kirana a wani wuri. Baba bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba, sai ranar ta tara ya ce mini gobe Malam Isiyaku zai mayar da makulli ya koma ɗakinsa, iyalinsa sun iso.

Na same shi yana yayyafa wa goro ruwa na ƙarshe. Na tuɓe takalmi a ƙofar mangaza, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa na miƙa masa takardar, na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ƙasa da sanyi. Ya juya takardar sama da ƙasa, sa'an nan ya yi 'yar dariya ya ce shi fa ajami bai iya ba, sai dai in karanta masa. Na karanta: wannan fa'ida na karɓe ta daga Malam Isiyaku ɗan Muhammadu, mutumin Kumasi, mazaunin Zongon Lome. Ya ce in nuna masa daidai inda sunan yake. Na nuna. Ya ɗora yatsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba.

Can ya ce akwai gyara.

"Ni ma ba da ita aka haife ni ba. Wani tsohon malamin makaranta ne, Masta Kwesi, Bafante daga bakin tekun Gana, Kirista, shi ya koya mini duba asalin kalma, shi ya ba ni ƙamus ɗin nan da zai bar aiki. In ka tsaya a kaina, na zama kai ke nan."

Na ce a sa sunan Kirista a takardar da za a kwafa a zauren Liman? Ya ce Liman ya tambaya daga wa, bai tambaya wane masallaci ba. Tawada tana aljihuna. Na zauna kan buhun nan dai, na ɗora takardar a gwiwa, na ƙara layi: shi kuma ya karɓa daga Masta Kwesi, shi kuma daga masu littafin, Allah ya san sunayensu. Tica ya sa na karanta masa tun daga farko. Ya hura wa tawadar iska da bakinsa har ta bushe, ya miƙo mini.

"Shi ke nan, Malam Ƙarami. Ba na binka komai."

Ya zaɓi farin goro babba daga huhu, ya fasa, ya ba ni rabi.

Tun daga ranar ban ƙara faɗin abu ban jingina shi ga mai shi ba, har abin ya zame mini ciwo. Ko cewa na yi za a yi ruwa, sai na ƙara da cewa daga wane na ji, shi kuma daga gwiwarsa mai ciwo. Jikokina suna yi mini dariya a kan haka, ina barinsu. Wannan labarin kaɗai ne na duba sama da ƙasa ban sami wanda zan jingina wa ba. Nawa ne, ni na haɗa shi tun daga tawada.